Hawan Jini, Hawan Jirgi

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya gwiwa, ya mutanen layi? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki. Matata Malama tana gaishe ki, ta samu ƙarfin jiki har ta fara zancen komawa aji. Takwararki kuwa ta yi ɓul-ɓul, kuma ta gaji wani hali nawa da na san za ki yi mini dariya a kai. Ke kika laƙaba mini Sarkin Kuka tun ina goye a bayanki, to ga shi na haifi magajiya. Maƙwabcinmu na ƙasa har ya daina gaishe ni da fara'a.

Jiya wani abokin aikina ya tambaye ni wai ke wace ce a wurina, tunda bakina ba ya rabuwa da Iya. Na ce ƙanwar kakata ce ta wajen uwa. Ya ce ai wannan dangin nesa ne. Na ce a lissafi nesa ne, amma a ɗakinta na yi wayo, ƙarar keken ɗinkinta ce ke sa ni barci.

Aiki yana nan yadda kika san shi. Ina can sama cikin ɗan akwatin gilashi, ina ɗauko kwantena daga jirgin ruwa ina ɗorawa a bayan mota, mutane a ƙasa kamar tururuwa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar gajiyar da kika yi a wasiƙarki ta baya, cewa sai kin huta a tsakiyar matakala kafin ki kai shago. Abin ya tsaya mini a rai. Wannan abokin nawa ya kai ni wani kanti na sayo miki wata saiwa, sunanta jinsen. Ya ce tsofaffin ƙasarsu suna sha don ƙarfin jiki. Ana yanka ta siriri, a tafasa yanka biyu ko uku a ruwa, a sha da safe kamar shayi. Ga ta nan cikin ƙunshin.

Abu ɗaya dai: in akwai maganar hawan jini, kada ki sha sai an auna ki, likita ya ba ki izini. Mai kantin ya nanata mini wannan.

Ki yi haƙuri da rubutun. Takwararki na kan cinyata, ta tsoma hannu a kofin ruwa ta shafa mini ƙasan takardar. Da na kira ki a waya, amma na san za ki ce kunnenki ba ya kama ta.

Naki har kullum,
Sarkin Kuka

*

Sarkin Kuka, miji marar cefane,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, ƙunshi ma ya iso. Ina lafiya, gwiwa da sauƙi, mutanen layi duk suna amsawa. Ka gaishe mini da Malama, ka ce ta bi jikinta a hankali. Ita kuwa takwarata, ku bar ta ta yi kukanta, bashin da ubanta ya ɗauka a wurina take rama mini.

Na buɗe ƙunshi na ga abu kamar wani ɗan tsoho ya tuɓe zai shiga wanka, ga ƙafafu ga gemu. Mai Kitso da ke shagon kusa da nawa ta leƙo ta gani, ta ja baya da salati, ta ce ita ba za ta taɓa ba.

Amma bar zancen saiwa. Kai yanzu haka ake yi wa mutum albishir? Ka ɓoye shi can ƙasan takarda, inda yarinya ta jiƙa? Ga tabarauna ƙafa ɗaya gare shi, da zare na ɗaure ɗayar, ga rubutunka kamar kaza ta taka tawada. Sai da na kai takardar bakin taga na karanta a hankali: "In akwai maganar hawan jirgi, kada ki sha sai an auna ki, likita ya ba ki izini."

Hawan jirgi! Wallahi sai da na zauna a kan kujerar keke. Na san halinka tun kana ƙarami, ba ka faɗin abu kai tsaye, sai ka zagaya. Wato so kake ka ɗauko ni in zo in ga takwarata da idona. Na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Mai Kitso kaɗai na gaya wa. To ka san gaya mata daidai yake da hawa kan rufi da lasifika. Kafin yamma mai burodi ya yi mini murna, mai gyaran takalmi ya ce in taho masa da zare mai kyau. Na ciro yadin nan mai ruwan ganye da na daɗe ina ajiya, na yanka, rigar tafiya ce. Na yi mata aljihu biyu a ciki saboda takardu.

Ga tambayoyina. Jirgin sama ne dai ko? Kada ka saka ni a irin naku na ruwa tare da kwantena. Ana barin mutum ya shiga da almakashi? Kuma in mutum ya ji zafi, ana buɗe taga?

Tunda ba ka sa rana ba, na ce maganar jirgi ba ta taso ba tukuna, sai na fara shan ɗan tsohon naka don in tara ƙarfin tafiya. In rana ta matso zan daina in je a auna ni, yadda ka ce. Yana da ɗaci amma yana aiki. Na ma ƙara yawan yankan, ina sha safe da yamma. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi farare da asibiti suka ba ni tun bara, wai jinina yana hawa. Ban gaya maka ba don kai ba ka da wuyar tayar da hankali. Su na ajiye su gefe, ba a tara magani biyu a ciki ɗaya su yi ta dambe.

Barci ya yi mini ƙaura, ƙeyata tana ɗan sarawa, zuciyata kuma sai bugawa take kamar an sa wa keke sabon mai. Duk murna ce.

Taka,
Iya

*

Iya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan wannan takarda ta same ki a tsaye da ƙafafunki. Yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba, ki gafarce ni.

A lokacin hutun rana na karanta wasiƙarki, ina zaune a kan wani tsohon taya a bakin ruwa. Na fara da dariya. Da na kai ƙarshe na ajiye abincin da ke hannuna.

Don girman Allah ki daina shan saiwar nan yau, ki koma kan ƙwayoyinki, ki je asibiti. Ciwon ƙeya da rashin barci da bugun zuciya ba murna ba ce, Iya. Na kira wayar Mai Kitso nan take, amma na'urar busar da gashi tana ta ihu a kanta, layin kuma yana yankewa. Na yi ta maimaita mata, ita kuma tana ta cewa, "To, to, Allah ya kai mu." Ban san me ta ji ba.

Sauran maganar ita ce mai nauyi. Na rubuta na yaga, na sake rubutawa. Malama ta ce in faɗi gaskiya kawai, Iya ba yarinya ba ce.

Jini na rubuta, ba jirgi ba. Hawan jini. Gargaɗi ne a kan saiwar, ba albishir ba ne. Ban shirya wata tafiya ba, ban ma san ta inda ake fara neman takardun ba. Laifin rubutuna ne da ruwan da takwararki ta shafa. Da na tuna kin yanka yadin nan da kike ɓoyo tun ina makaranta, kuma layi duka sun sani, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ki zage ni yadda kike so, na cancanta. Amma ki zage ni bayan kin haɗiyi ƙwayar.

Jikanki mai laifi,
Sarkin Kuka

*

Sarkin Kuka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, ya aiki, ya Malama, ya mai sunana? Amsar wasiƙata ba ta iso ba tukuna, amma ba zan iya jira ba, labari ya cika mini baki.

Saƙonka na waya ya same ni. Mai Kitso ta faɗo shagona da mataji a hannu tana haki, ta ce, "Iya, tafiya ta matso! Ya ce ki daina sha, ki je asibiti gobe-gobe!" Na ce to ai ga shi, yadda ya rubuta. Washegari na sa mayafi na tafi.

Nas ta ɗaura mini abin awo a dantse, ya matse ni, ta duba. Ta kwance shi. Ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Sai ta ce, "Iya, da ƙafarki kika zo?"

Na ce, "A'a, aro na yi."

Ba ta ko murmusa ba, ta wuce da ni gaban layi. Likitar mace ce, ba za ta girmi Malama ba. Na ciro ɗan tsohon daga jaka na kwantar mata da shi a kan tebur.

Ta ce, "Jinsen. Wa ya ba ki?"

Na ce, "Jikana, da sharaɗi."

Ta ce, "Ƙwayoyinki fa?"

Na ce, "Suna hutu."

Kai, yarinyar nan ta wanke ni tas, cikin ladabi kuma, abin da ya fi ciwo ke nan. Bari in faɗa maka yadda ta ce, don ka kai wa abokin aikinka. Ta ce ita wannan saiwar masu bincike ba su gama yanke hukunci a kanta ba. Wani zai sha jininsa bai motsa ba, na wani ma ya ɗan sauka, na wani kuma ya hau, ta hana shi barci, ta sa masa ciwon kai da bugun zuciya. Tana kuma iya rikita aikin wasu magunguna, irin na tsinka jini da na ciwon sukari. Don haka wanda jininsa bai daidaita ba, irina, babu shi babu ita. Wanda nasa ya zauna ma sai ya tambayi likitansa tukuna. Amma ta ce babban laifin ba na saiwa ba ne, nawa ne da na ajiye ƙwaya. Ta ce wannan ciwon ba ya sallama in zai shigo, sai dai mutum ya tashi ya ga rabin jikinsa ba nasa ba.

Nan na ɗan tsorata, ba zan ɓoye maka ba. Na kalli hannuna na dama, wanda nake juya keke da shi.

Sai na ce, "To Likita, ni tambayata ɗaya. Zan iya hawan jirgi?"

Ta ce, "Yau? Ko babur ba zan bari ki hau ba. Amma in jinin ya sauka ya zauna, ni da kaina zan sa miki hannu."

Shi ke nan, ta gama da ni. Yanzu duk asibitin nan babu mai biyayya kamata. Ƙwaya kowace safiya kafin in buɗe shago. An rage gishiri da dunƙule, miyata ta koma kamar ruwan wanke hannu, amma ina sha. Ta ce in riƙa tattaki, to da sassafe muna zagaya filin ƙwallon bayan layi ni da Mai Kitso, ita tana mita ina jan ta. Ta kuma ɗebi jinina don ta gano dalilin gajiyar. Ƙeya ta daina sara, barci ya dawo har da minshari.

Ɗan tsohon yana kan kanta kusa da gwangwanin maɓallai, ya zama mai gadi. Riga saura hannu ɗaya. Kai dai ka sa rana.

Taka,
Iya

*

Iya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, takwararki ta fara zama da kanta. Ya jikin naki?

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Na karanta labarin asibiti na yi hamdala, har Malama ta ce in rage murya. Amma na san zuwa yanzu tawa ta same ki, kin san gaskiya. Tun daga nan ban ji ɗuriyarki ba. Kullum na dawo aiki sai na buɗe akwatin wasiƙu, babu komai sai takardar wuta da ta talla.

Na kira Mai Kitso, ta ce, "Iya ta ce ba ta nan." Alhali ina jin ƙarar kekenki ta cikin wayar.

Fushinki zan iya ɗauka. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, saboda jirgi kike shan ƙwayar nan. Yanzu da babu jirgi, kina sha kuwa? Ko layi ɗaya ne ki rubuto mini.

Naki,
Sarkin Kuka

*

Kai Sarkin Kuka,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, da raina, da ƙafafuna biyu. Ka gaishe da Malama, ka gode mata da ta sa ka faɗi gaskiya. Ka sumbaci mai ɓata takarda.

Na ji daɗin barinka cikin zullumi, ba zan yi maka ƙarya ba. Kai ma ka ɗanɗana.

Ranar da wasiƙarka ta zo ina kan kafa hannun riga na biyu. Na karanta, na ɗauko ta farkon daga ƙarƙashin katifa, na kai su bakin taga. Na duba da tabarau, na duba babu tabarau. Jini ne. Ƙiri-ƙiri jini ne. Abin da na ɗauka wutsiyar harafi ashe sawun yatsan takwarata ne. Na ninke rigar da allurar a jikinta na tura ƙasan akwati.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ni da na riga na yi wa mai burodi bankwana! Na kira Mai Kitso na nuna mata, ina jiran ta tausaya mini. Matar nan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, ta ce, "Iya, wato duk zagayen filin nan da kika sa ni, a banza?" Kafin yamma layi ya ji. Yanzu in na wuce sai mai gyaran takalmi ya ɗaga guduma ya ce, "Matuƙiya, a sauka lafiya!" Sunan ya bi ni, har yaran da ke kawo ɗinki sun ɗauka.

Ka tambaye ni ƙwaya. Zan faɗa maka yadda aka yi. Washegari na ɗauko ta na riƙe a tafin hannu, na ce mata, ke kuma don wa zan sha ki? Na mayar da ita cikin kwalba. Na zauna a bakin gado ina tunani, shago ma ban buɗe ba.

A nan na gane wani abu. Ashe ba jirgin nake so ba. Ni da ko lilo ban iya hawa ba, me zan yi da sama? Abin da ya sa ni rawar ƙafa shi ne a ce wani wuri a duniyar nan ana jirana. Tun da kakarka ta rasu, ku kuka watse neman abinci, mutane suna zuwa wurina ne su karɓi ɗinki su tafi. Ana gaishe ni, ana girmama ni, amma babu mai duban hanya yana cewa yaushe Iya za ta iso. Wasiƙarka ta sa na ji haka, ko da bisa kuskure ne, kuma na ji daɗinsa ƙwarai.

Ina cikin wannan sai ga bugun ƙofa. Mai Kitso ce da takalmin roba, bayanta matar mai burodi. Ta ce, "Matuƙiya, fito, rana tana yi." Ashe ita ma ta je an auna ta a ɓoye, nata ma ya hau, an ba ta irin ƙwayata. Na ce su jira ni. Na koma ciki na haɗiye tawa da ruwa, na fito.

Don haka kwantar da hankalinka, ina sha. Ba na neman jirgi a wurinka, na san nauyin da ke kanka. Abu ɗaya nake roƙo. Lokaci-lokaci ka rubuto mini cewa kuna jirana. Ko babu ranar, ko babu hanyar. Ni zan san yadda zan yi da sauran.

Taka,
Iya Matuƙiya

*

Iya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fatan kina lafiya, ke da rundunarki ta zagayen fili. Malama ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa tana rubutawa, ta ce ba za a sake ba ni amanar harafi ba. Yarinya kuma an ɗaure ta a kujerarta nesa da kofi.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, na tabbatar da sunan da kika sa mini. Malama ta karɓa ta karanta, ita ma ta taya ni.

Muna jiranki, Iya. Ba don kin roƙa muke faɗa ba. Kunya ce ta kama mu da ba mu riga ki tunanin ba. Na je ofishin da ake neman izinin baƙo, na karɓo bayanin abin da ake bukata. An ce abin yana ɗaukar lokaci, wataƙila sai baɗi, kuma zan ƙara aikin ƙarshen mako. Ba zan sa miki rana ba sai ta tabbata. Amma mun riga mun janye kabad daga ƙaramin ɗaki, mun auna, gado zai shiga har da wurin sallaya.

Amsoshin tambayoyinki: na sama ne. Almakashi sai dai a cikin babban akwati. Taga ba a buɗewa, kada ki gwada.

Malama ta ce in ƙara da cewa wannan karon jirgi ne, ta rubuta shi da manyan baƙaƙe: JIRGI. Ki ciro rigar ki ƙarasa hannun.

Naki da taki,
Sarkin Kuka da Malama

*

'Ya'yana,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, lafiyar da na daɗe ban ji irinta ba. Malama, Allah ya yi wa hannunki albarka, ko daga ƙofa ana karanta rubutunki.

Wannan karon ban gaya wa Mai Kitso ba. Na ba ta takardar ta karanta da bakinta, sau biyu, a gaban mai gyaran takalmi, don in samu shaidu. Ya ajiye guduma ya ce shi dai yana nan a kan maganar zarensa.

Riga ta kammala, na rataye ta a bayan ƙofa inda zan riƙa ganinta. Matakalar shago yanzu a tafiya ɗaya nake hawa. Gajiyar ma an gano ƙarancin wani sinadari ne, an ba ni maganinsa. Na tambayi likita ko wata rana zan koma wa saiwar, ta ce in dai tana raye sai na fara biyowa ta teburinta, na ce na ji.

Jiya na koma awo. Nas ta duba, ta sake dubawa, wannan karon da murmushi. Likita ta juyo da takardar ta nuna mini, ta ce in na riƙe haka, hannunta yana nan yana jiran takarduna.

Ku gaya wa takwarata ta yi ta kukanta, mai lallashi tana hanya. Jini ya sauka, saura ni in hau.

Taku,
Iya